Yadda muka raba taraktar Baba da tsatsa

Ranar da na san taraktarmu ta kai maƙura, muna gonar wani dattijo ne a bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, mun gama loda masara a tirela rana ta yi sanyi. Na dafa madigadin hagu zan hau kamar yadda na saba tun ina yaro, sai na ji ƙarfen ya lotsa a ƙarƙashin hannuna, babban yatsana ya shige ciki har gaɓa. Da na zaro shi babu jini, sai wani jan gari da ɓarɓashi kamar na fasasshiyar tukunya. Na sunkuya na leƙa ta ramin, ga taya ina hangowa. Ƙanena da ke kan tirela ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce masa lafiya lau, amma har muka iso gida ban ƙara cewa uffan ba.

Massey Ferguson 135 ce, irin ƙaramar nan mai injin Perkins mai silinda uku. Kamfanin ya ƙera irinta ne daga 1964 zuwa 1975, ke nan ko autarsu ta ba shekara hamsin baya. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wani tun ban shiga makaranta ba, kuma ita ta ciyar da gidanmu har yau. Da damina muna yin huɗa a gonakin mutane, da kaka mu ɗauki masara zuwa Ngong, mu kai auduga inda kamfanin auduga na SODECOTON ke awo, ranar Lahadi kuma ba ma rasa lodin kasuwar Pitowa. Baba bai taɓa wasa da injinta ba. Juyen mai a kan lokaci, tace gazuwal, wato man dizal, da ƙyalle kafin a zuba, sauraren ƙararta kowace safiya kamar mai sauraren numfashin jariri. Jikinta kuwa bai taɓa shiga lissafinsa ba, nakan ji yana cewa fenti ba ya jan garma. Ni ma a kan haka na tashi, kuma shekara uku bayan rasuwarsa ban sauya komai ba, sai da yatsana ya nutse.

Da na zauna na duba ta da idon basira, na gane ba tsufa kaɗai ya ci ta ba, har da hannunmu. Kowace damina a kan wannan madigadi muke ɗaure buhunan taki in za mu gona. Takin zamani, musamman farin nan yuriya, yana jan laima daga iska, ya narke ya kwanta a kan ƙarfe, kuma ƙarfen da ya sha ruwan taki yana tsatsa fiye da wanda ruwan sama kawai ya taɓa. Ga ruwan batir da yake tsiyaya a mazauninsa shekara da shekaru. Ga laka da take maƙalewa a ƙarƙashin madigadi ba mai kankarewa. Ga shi kuma a gindin darbejiya take kwana, rana da ruwa duk a kanta suke ƙarewa. Jan fentin da aka san Massey da shi ya koɗe ya koma launin busasshen goro.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in sayi gwangwanin jan fenti da burushi in shafe ta a wuni ɗaya. Wani maƙwabcinmu ya yi wa tasa haka, ta yi kyau ana ta yi masa barka, amma damina ɗaya ta wuce fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Shi ya sa na hau babur na tafi Garwa wajen wani tsohon mai gyaran bodi a unguwar Yelwa, abokin Baba ne tun suna samari, Kawu muke ce masa. Na nuna masa hotuna a waya. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, kana so ta yi kyau ne, ko kana so ta kai ga 'ya'yanka?" Na ce, "Kawu, duka biyun." Ya ce to in shirya wahala, don fesa fenti aikin safiya ɗaya ne, abin da ke gabansa shi ne aikin. Muka yi shawara: ba ni da kuɗin da zan bar ta a garejinsa, saboda haka ni da ƙanena za mu yi kwancewa da kankara a gida, shi kuma zai zo ya yi walda, ya kawo kwamfuresa, injin da ke hura wa bindigar fenti iska, ranar fesawa, ya riƙa duba mu tsakani. Bai yarda mun yi maganar ladansa a ranar ba.

Mun fara a farkon Janairu, bayan lodin kaka ya lafa. Abu na farko na cire batir na kai shi ɗaki, domin za a yi walda da wasa ƙarfe da inji kusa da wayoyi. Sannan na ɗauki hoton kowace kusurwa, kowace waya da inda ta shiga, don na san ƙwaƙwalwata ba za ta riƙe ba bayan wata biyu. Muka sauke murfin inji, wanda mu a nan muke ce wa kapo, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka su ce bonet. Muka cire ragar gaba, fitilu, kujera, matakala, murfin batir, da madigadai biyu. Notunan madigadi sun ƙi ko motsi. Kwana biyu muna ɗiga musu gazuwal haɗe da baƙin mai safe da yamma, muna ɗan bubbuga su da guduma, wasu suka saki, huɗu suka karye sai da aka huda aka fitar. Kowane rukuni na noti da washa na zuba shi a gwangwanin tumatir dabam, na rubuta sunan wurinsa a takarda na jefa ciki. Tankin mai ma mun sauke shi mun kai bayan gida, nesa da inda tartsatsi zai kai.

Wanki ya ci mana kwana biyu cur. Kawu ya ja kunnena cewa kada samfefa ta taɓa ƙarfen da ke da maiƙo, don gogewa ba ta cire mai, tura shi take cikin ƙarfe, daga baya fenti ya ƙi kamawa ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi. Muka fara da gazuwal da tsohon burushi a wuraren giris, sannan omo da ruwan zafi, sau biyu. Lakar da ke ƙarƙashin madigadin dama ta ƙanƙare kamar tubalin da aka gasa, sai da kurfi da guduma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da ta faɗo, ƙarfen da ke bayanta yana da danshi, a tsakiyar hunturu, wata uku rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Ashe duk ranin da muke zaton tarakta ta bushe, tsatsa tana can tana cin abincinta a ɓoye.

Daga nan aka shiga kankara, wadda ta ɗauke mu kusan mako uku. Na ari injin wasa ƙarfe na hannu, na ɗaura masa burushin waya. In akwai wutar lantarki mu yi da inji, in an ɗauke mu koma burushin hannu da samfefa. Samfefa lamba-lamba ce, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon kaushinta: 80 ita ce mai cin fenti da tsatsa, 120 da 180 suna share zanen da ta bari, 320 da 400 kuwa na laushin ƙarshe ne. A cikin kwanakin nan na koyi cewa tsatsa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta sama, ja-ja kamar hoda, wadda da ka goga sau biyar farin ƙarfe zai bayyana yana ƙyalli. Akwai wadda ta yi rami-rami kamar fuskar wanda ya yi agana, saman ya yi fari amma kowane rami akwai baƙin ɗigo a gindinsa, kuma wannan ɗigon shi ne irin da zai sake tsirowa. Sai ta uku, wadda ta cinye ƙarfen ya zama ganye-ganye, ba abin da ya rage sai fenti da ke riƙe da siffar wurin.

Kawu ya zo a ƙarshen makon farko, bai ko kalli inda muka goge ya yi ƙyalli ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi madigadin yana ƙwanƙwasawa, ya ce in kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, tan-tan, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi kwali. Duk inda ya ji dum sai ya soka sukurudireba, in ta shige ya zagaye wurin da alli. Ramin da na sani ɗaya ne, kafin ya tashi ya zagaye wuri bakwai, har da mazaunin batir gaba ɗaya da gefen kapo na ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, wannan ai sai ka ƙara mata ciwo." Ya ce, "Ciwon yana nan, ɗana, ni dai na buɗe maka shi ne."

Ya kuma kama mu da kuskure ɗaya. A saman kapo, inda ƙanena ya danna inji ya daɗe wuri ɗaya, ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi ya ɗan lanƙwashe. Farantin jiki siriri ne, zafi kaɗan ke murɗa shi, saboda haka inji ba ya tsayawa, yawo yake, kuma a fili mai faɗi hannu ya fi aminci. Ya ce mana ba dole ne a cire dukkan tsohon fenti ba. Inda ya kama ƙarfe gam, ba tsaga ba kumburi, a bar shi, a dai goge shi ya dushe, a lallaɓa bakinsa har ya zama in ka shafa da yatsa ba za ka ji inda fenti ya ƙare ƙarfe ya fara ba.

Ina so in ja hankalin duk wanda zai yi irin wannan aiki a gida game da ƙura. Tsofaffin fentin motoci da injuna da yawa akwai dalma a cikinsu, kuma ƙurarta guba ce, ta fi yi wa yara ƙanana illa. Kwanakin farko da rawani kawai nake rufe hanci, da dare in tofar da yawu ja, maƙogwarona kamar an zuba yashi. Maiɗakina ce ta fara magana, da ta ga jan gari a kan wankin da ta shanya, har a murfin randa. Washegari muka kwashe kayan zuwa kangon da ke bayan gida, na sayo abin rufe hanci da tabarau, na hana yara zuwa wurin, kuma ba na shiga cikin gida da kayan aikin a jikina. Tabarau ɗin ma ba ado ba ne. Burushin inji yana harbo wayoyinsa kamar kibiya, na zare ɗaya daga damtsen ƙanena da ta huda riga ta shige.

Hunturu ya taimake mu ta fuska ɗaya, iskar ta bushe ƙarau, ƙarfen da aka goge yakan kwana biyu bai sauya ba. Da a watan Agusta ne, kafin la'asar zai yi ja. Duk da haka wata safiya na tarar da sawun yatsu huɗu a kan kapo, ja-ja, daidai inda na dafa da gumi jiya. Daga ranar da tsumma mai tsabta muke ɗaukar kowane faranti.

Walda kwana biyu Kawu ya yi yana yin ta, da waldar gas. Ya yanke kowane ruɓaɓɓen wuri har sai da ya kai ga ƙarfe mai rai, ya ɗora kwali ya zana siffar ramin, ya yanko faci daga ƙofar wata tsohuwar mota mai kauri ɗaya da namu. Ba ya jan walda a layi ɗaya. Ɗigo yake sawa nan, ya tsallaka can ya sa wani, ya jira ya huce, ya dawo tsakani, har ɗigon su haɗu su zama ɗinki. Yana yi yana daddaɓe wurin da guduma, da wani dunƙulen ƙarfe a ɗaya hannun yana tarewa ta baya. Mazaunin batir kuwa sabo ya ƙera gaba ɗaya. Da ya gama ya sa na shiga da madigadin ɗaki mai duhu, ƙanena ya haska tocila ta baya, duk inda haske ya ɓullo ko da kamar bakin allura ne, aka mayar aka cike.

Ramukan nan masu baƙin ɗigo, burushi ba ya kaiwa gindinsu. Su aka yi wa maganin tsatsa, wani ruwa da ake sayarwa a shagunan fenti, mai asid ɗin fosforik a ciki. Ana shafa shi da burushi, ya haɗu da tsatsar ya mayar da ita wani baƙin abu mai tauri da ba ya ci gaba da cin ƙarfe. Na zauna na kalli yadda jan yake rikiɗewa a hankali ya koma baƙi-baƙi kamar an shafa tawada. Ba ya aiki a kan tsatsa mai kauri ko a kan maiƙo, sai an kankare tukuna, kuma yana cin hannu, dole sai da safar roba. Muka bi abin da aka rubuta a jikin robar, muka goge ragowar, muka bar shi ya bushe sosai.

Sai mastik, wanda ake cike lotsawa da shi. Kawu ya ce mastik gishiri ne ba tuwo ba, abin da guduma za ta iya gyarawa kada a ɗora wa mastik, domin tarakta jijjiga take yini guda, mai kauri zai tsage ya faɗo. Ana ɗibar kamar cikin cokali a kan faranti, a ɗiga masa ɗan jan maganin da ke sa shi ƙanƙarewa, kamar ƙwayar wake, a cakuɗa har launi ya zama ɗaya. Haɗin farko na yi shi da yawa kuma da rana tsaka, kafin in shafa rabi ya daskare a hannuna. A zafin ƙasar nan minti kaɗan gare ka, don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa, a inuwa. Ana goge shi a bushe, da samfefa naɗe a kan katako mai leɓe, ba da tafin hannu ba, kuma ba a sa masa ruwa don yana sha ya riƙe.

A nan Kawu ya koya mini abin da har yanzu nake jin daɗinsa. Na gama goge saman kapo, a idona ya yi sumul, na kira shi da alfahari. Ya ce in rufe ido. Ya kama hannuna ya shimfiɗa tafin a kan ƙarfen, ya ja shi a hankali daga gaba zuwa baya. Sai ga shi ina jin tudu da kwari da idona bai gani ba, wuri uku. Ya ɗauko garin gawayi ya shafa sama-sama, ya ce in bi da katakon nan sau kaɗan. Inda yake tudu gawayin ya goge, inda yake kwari ya zauna baƙi, taswirar aikin da ya rage ta fito fili. Ya ce fenti mai ƙyalli ba ya rufa asiri, tona shi yake.

Bayan haka muka shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, antiruy, mai launin jan ƙasa. Ciki da ƙarƙashi da burushi muka yi, shafi biyu, muna cusa shi cikin kowane lungu da kowane ɗinkin walda, domin daga can ɓarnar ta faro. Waje kuma aka fesa, aka bari ya bushe, aka bi da lamba 320 a hankali.

Zaɓen fentin sama ya ɗan ja mu magana. Akwai na zamani mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin ƙanƙara, yana da ƙarfi kuma ƙyallinsa yana daɗewa. Sai dai tururinsa yana lalata huhu, kuma abin rufe hanci na takarda ba ya tare shi. Kawu da kansa yana fama da tari da ya ce tun shekarun fesa irin wannan ya samo shi, ya ce ba zai fesa shi a gidan da akwai yara ba. Muka tsaya a kan fentin mai na gargajiya, wanda yake jinkirin bushewa amma in ya ƙwarzane a gona za ka iya taɓa wurin da ɗan burushi da kanka. Launi kuwa, da na cire tambarin da ke gefen kapo, sai na tarar da wani ɗan fili a ƙarƙashinsa da rana ba ta taɓa gani ba, ja wur, kamar yau aka fito da ita daga masana'anta. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Ban taɓa ganin taraktar nan da wannan launi ba, kuma ina jin Baba ma bai gan ta da shi ba. Na ɗauki kapo ɗin sukutum a bayan a-kori-kura zuwa Garwa, aka haɗa mana lita huɗu daidai da shi.

Asarar da na yi a aikin nan ta zo ne ta hanyar tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Wanda mai shagon ya ba ni na ga kamar ya yi tsada, sai na sayi wani a kasuwa cikin jarka marar suna, mai sayarwa ya rantse mini duk ɗaya ne. Allah ya sa Kawu ba ya fara fesawa sai ya gwada, amma gwajin a madigadin hagu aka yi, wanda ya fi cin wahalarmu. Minti biyar ba a yi ba fentin ƙasa ya fara yamutsewa yana tattarewa kamar saman kunun da ya huce. Kawu ya shinshina jarkar ya ce wannan tinar selulos ce, mai zafi, tana narkar da fentin mai da ke ƙarƙashinta. Fentin ƙasa, fentin sama da tina dole su zama 'yan gida ɗaya. Na ji kamar in yi kuka. Sai da muka jira ya bushe, muka kankare madigadin har ƙarfe, muka sake daga farko, kwana biyar suka tafi, da kuɗin da ya ninka abin da na so in tsimi. Kawu bai faɗa mini baƙar magana ba, ya dai ce, "Araha ba ta ado," ya ci gaba da naɗe tiyonsa.

Daga nan sai jiran rana. Hazo ya sauko mako guda, ko tsaunin Tingilin ba a hangowa, kuma fesa fenti a cikin wannan ƙura daidai yake da yayyafa yashi a kan zuma. In kuma muka yi sake Maris ya yi nisa, zafin Garwa da ke haura digiri 40 zai sa fenti ya bushe a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. A ƙarshen Fabrairu muka samu kwana biyu iska ta kwanta. Tun daren muka kewaye rumfar da tamfol da tabarmi, muka rataye farantan da waya a jikin azara, muka ɗaure awaki, muka rufe kaji.

Ana sallame sallar asuba muka fito. Ƙanena ya yayyafa ruwa a ƙasa har ta jiƙe don kada tiyo ya tayar da ƙura. Kawu ya buɗe ƙasan tankin kwamfuresa, wani jan ruwa ya zubo, ya ce wannan in ya bi iska ya shiga fenti, ƙuraje zai yi. Ya tsinka fentin yana ɗaga sanda yana kallon yadda yake zuba, har ya daina kauri ya koma zirara kamar zare, sannan ya tace shi da tsohon gyale. Muka goge kowane faranti sau na ƙarshe. Ya miƙo mini bindigar fenti ya ce in fara da cikin madigadi, inda ba mai gani. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakin bindiga da ƙarfe, hannu ya tafi a miƙe ba a lanƙwasa wuyan hannu ba, a fara tafiya kafin a danna, a saki kafin a tsaya, kowane layi ya hau rabin na samansa. Hannuna yana rawa, wani wuri na yi sauri ya fito fari-fari, wani na yi jinkiri ya taru. Da muka zo waje ya karɓa.

Shafin farko siriri ya yi shi, har ana hango fentin ƙasa, na ɗauka bai isa ba. Ya ce wannan shimfiɗa ce, ita za ta riƙe na bayanta. Muka jira kamar sulusin awa, ya taɓa gefen da ba a gani da yatsa, yana danƙo amma bai biyo yatsan ba, sai ya yi na biyu cikakke. A nan ne jan ya tashi. Hasken safiya yana shigowa ta tsakanin tabarmi, na ga inuwar azara kwance a kan kapo kamar a madubi. A shafi na uku fenti ya ɗan zubo a bakin madigadin dama, ya yi hawaye biyu, kuma wani ɗan ƙwaro ya faɗa a kan murfin batir. Na kai hannu, Kawu ya riƙe ni ya ce kada in kuskura, ɗanyen fenti ba a yi masa gyara, in ya bushe samfefa mai laushi za ta ɗauke su. Kafin ƙarfe tara mun gama mun wanke bindiga, muka saki tamfol muka hana kowa shiga.

Inji da gindin tarakta launin toka ne, su da burushi muka yi su a cikin kwanakin jira, bayan wankin maiƙo mai yawa. Na rufe farantin lambar inji da takarda, da wayoyi, da bel, da kawunan da ake ɗura giris, ban kuma taɓa saƙar lagireto ba don fenti yana toshe ta. Salansa fentinta dabam ne, mai jure zafi.

Kwana goma sha biyu muka bar farantan a rataye. Fentin mai yana bushewa a sama cikin wuni ɗaya, amma cikinsa yana daɗewa da taushi, in ka ɗaure noti a kansa da wuri sai ya murɗe. Da muka zo mayarwa, kowane noti sai da ya sha giris, kuma na yanka tsohon tib na sa a duk inda ƙarfe zai goga ƙarfe. Na shimfiɗa roba a sabon mazaunin batir, Kawu kuma ya huda ƙananan ramuka biyu a inda ruwa ke taruwa. Gwangwanayen tumatir da hotunan waya sun yi ranarsu, waya ɗaya ce kawai ta fitilar baya ta ba mu wuya. Da na mayar da tambarin a gurbinsa na tayar da ita, Inna ta fito ƙofar gida da mayafinta, ta zagaya ta sau ɗaya, ta shafa kapo da gefen hannu, ta yi wa Baba addu'a, ta koma ciki. Da yamma na kai wa Kawu abin da na iya haɗawa da buhun masara, ya karɓi masarar, ya cire rabin kuɗin ya mayar mini ya ce in sayi kwano in yi mata rumfa. Na yi mata kafin ruwan farko.

Ta yi damina guda tana huɗa yanzu. Taki a tirela yake tafiya, ko buhu ɗaya ne, kuma duk ranar da muka dawo daga laka sai an watsa wa ƙarƙashin madigadi ruwa kafin a ci tuwo. Shekaranjiya na kwanta a ƙasa da tocila ina bin ɗinkin walda ɗaya bayan ɗaya, na samu wani jan ɗigo kamar ƙwayar gero a gefen facin hagu, inda tsakuwa ta ɓare fenti. Na goge shi da guntun lamba 180, na ɗiga antiruy, gobe in Allah ya kai mu zan buɗe ragowar jan da na ajiye a ƙarƙashin gado in taɓa wurin.